Tururuwa a Ludayin Nono

Azumi ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara yana matsowa kaɗan, ya ratsa bazara, ya shiga sanyi, ya bi ta kaka, ya sha ruwan damina, har wata rana ki ɗaga kai ki gan shi ya dawo inda kika bar shi. Ni na ga ya yi wagga kewayar cikakkiya. Bana ya faɗo daidai bakin damina, lokacin da hadari ke haɗuwa a gabas ya watse, bangon ɗaki ya yi ta huci har magariba. Ran uku ga wata ina zaune tsakar gidan ɗana a Nassarawa ta Birnin Kebbi, sai wata iska ta taso da ƙamshin ruwan da ya sauka wani gari bai zo namu ba. Na ce wagga iskar na san ta.

Ban yi boko ba, ban iya riƙon alƙalami ba. Jikata Hadiza ke rubutawa, ni ina faɗi, kuma na ce mata ta sa shi yadda ya fito daga bakina.

A wancan azumin, shekara talatin da wani abu baya, muna wani ƙauye kusa da Argungu, bakin fadama. Mijina, Malam, ɗan Gwaggona ne, yayar babana. Saboda haka surukata ba baƙuwa ba ce. Ita ta yi mani wankan jariri, ita ta huda mani kunne, ban taɓa kiranta da wani suna ba sai Gwaggo. Malam manomi ne, in gulbi ya ja baya kuma ya ɗauki homa da gora ya shiga su, wato kamun kifi. Mu mata sana'armu gumi, wato turara shinkafa.

Yaran yanzu sai dai su ga shinkafa cikin buhu. Mu a gidan Gwaggo, shanshera ke shigowa ta zaure, wato shinkafa da ɓawonta. Wata ta jiƙa ta ta kwana. Wata ta turara ta a babbar tukunya. Wata ta shanya bisa tabarmi tana juyawa da ƙafa. Biyu su surfe a turmi, ni in sheƙe. Daga hannu zuwa hannu take tafiya, ba mai tsallake wata. Can ƙarshe Gwaggo na zaune bakin ƙofar baya, ita ke dubawa, ta ɗaure bakin buhu, ta ce wanga na kasuwar Argungu ne, wanga Birnin Kebbi za shi. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da Gwaggo, aiki ba ya tsayawa, amma kaya sai su fita a hargitse, buhu ya kwance a hanya, mai tsakuwa ta tafi inda ake son tsintacciya.

Daminar da ta gabaci azumin nan ruwa ya yi mana rowa. Gulbi bai hau fadama ba. Shinkafa ta fito ta tsaya tana jiran ruwa har ta yi ja ta kwanta. Gero ya yi kai ba ido. Tukunyar gumi munka kife ta bayan rumbu, kaji sunka koma kwana a inuwarta. Cikin wagga kakar da ba a yi girbi ba na haifi Umaru.

'Ya'ya mata biyu gare ni kafin shi, duk sun zo sumul. Shi kuwa da ungozoma ta ɗaga shi, sai ta tsaya tana dubansa. Fatar hannunsa da ta ƙafarsa duk a tattare, kamar rigar da ta yi wa mai ita yawa. Cikinsa ninki-ninki. Kumatunsa a zube, goshinsa da layi. Fuskar dattijo ce sak, bisa jikin da bai kai zakara nauyi ba.

Malam ya leƙo ya dube shi, ya yi murmushi. Ya ce, "Ashe kakana anka maido mani. Ku ba shi carbi da buta."

Anka yi dariya, suna ya bi shi. Kowa Ɗan-tsoho yake ce masa. Ni kaɗai nake ce masa Umaru, shi ma a kunne, in ba kowa.

Amma yaro ne mai ido. In na shigo ɗaki ya bi ni da kallo har in zauna. Yana dariya ba haƙori, fuskar nan ta ƙara tattarewa, sai ki rantse zai ba ki labarin zamanin da. Ga kamun nono. In ya kama, ana jin haɗiyarsa daga ƙofar ɗaki, ƙut, ƙut, ƙut. Mata sunka ce yunwar da na sha da cikinsa ce ta tsotse shi, in abinci ya samu fata za ta cika. Na yarda, na jira.

Abinci bai samu ba. Kafin wata ya tsaya, rumbu ya ƙare har munka share ƙasansa da tsintsiya munka dama abin da ya fito. Ruwa ya sauka sau ɗaya, maza sunka fita da iri, sunka shuka, ya tsiro kamar kan allura, rana ta ƙone shi. Anka sake shuka da irin da ya rage, shi ma ya tafi. Gulbi ya tsinke ya koma tabki-tabki, kifin da ya rage cikin laka an kwashe shi tun kafin azumi. Malam sai ya dawo da homa a kafaɗa a bushe, ya rataye ta.

Da azumi ya kama, limamin garinmu ya aiko cewa mai shayarwa tana da rangwame. Na ce a gode masa. In na ajiye azumin, mi zan ci da rana? Duk garin azumi ake tun kafin wata ya tsaya, niyya ce kawai munka ƙara.

Ga yadda ranarmu take. Da asuba mu sha ruwan anza. Anza 'ya'yan wani icce ne masu ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ko an ci suna zama a ciki kamar tsakuwa. Da gari ya waye mu nufi tabki tonon bado, laka har gwiwa, ƙaya na yanka ƙafa, mu samo tushensa mu shanya. Rana na take tsaka kowa ya nemi inuwa ya kwanta, don magana ma ƙarfi take ci. Harshe ya yi kauri, miyau ya koma kamar ƙaro. Ba kukan akuya, ba sautin turmi. Garin da ba a daka, in kin shige shi sai ki ɗauka an tashi. Da la'asar sakaliya kuma mu ɗauki fartanya mu tafi tonon gidan tururuwa.

Hadiza ta ɗaga kai da na faɗi wannan, ta ce, "Gidan tururuwa kuma, Kaka?" Na ce rubuta. Tururuwa tana tara hatsi da 'ya'yan ciyawa a ƙarƙashin ƙasa, tana da rumbunta. Sai ki bi layinsu har ki ga ƙofar, ki yi ta haƙa, suna hawa ƙafarki suna cizo, har ki kai ga ajiyarsu. Wata rana cikin tafi biyu, wata rana rabin ƙwarya. Mu sheƙe ƙasar, mu niƙa, shi ne kunun buɗa-baki. Muna haƙa muna neman gafara, don mun san sata muke yi wa halittar Allah.

Duk inda za ni Umaru na bayana. Ran goma sha biyu ga wata na sunkuya zan goya shi, na ja majanyi na ɗaure yadda na saba ɗaure yayyensa. Sai na ji ƙas, kamar an taka kara. Ya sanƙare, sannan ya tsala wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Hannunsa na hagu ya karye sama da gwiwa.

Maɗori ya zo ya ɗaure da karare, yana girgiza kai. Ya ce shi bai taɓa taɓa ƙashi mai laushi haka ba. Bayan ya fita Gwaggo ta kira ni ɗakinta. Ba da faɗa ba. Gwaggo ba muguwa ba ce, ina so a rubuta wannan. Rabon kununta take rage mani a ɓoye.

Ta ce, "Ɗiyata, wata bakwai yaron nan shina sha, fata ba ta cika ba, ga shi ƙashi ya fara narkewa. Ba yunwa ba ce, ai ba ke kaɗai ke shayarwa a garin ga ba. Ina jin nonon ne ya ɓaci. Kawo ludayi mu gani."

Haka ake gwadawa tun kakanni. A tatsa nono a ludayi, a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, nono ya zama guba. Na tatsa. Tururuwa ba ta yi wuyar samu ba, tana cikin zanen da na dawo da shi daga tono. Gwaggo ta tsinto ɗaya ta saka. Tururuwar ta yi ta kewaya, ta kai bakin ludayi, ta zame, ta koma. Ta sake kaiwa ta zame. A ta uku ta dunƙule ta tsaya.

Gwaggo ta share hawaye da gefen zane. Ta ce, "Kin gani. Daga yau ɗakina zai kwana."

Na ce, "To, Gwaggo."

Anka shafa mani maɗaci a nono don ko ya kama ya saki. Babu akuya mai nono a garin, shanun Fulani kuwa sun yi kudu tun tuni. Abin da muke sha shi anka riƙa ɗura masa, kunun hatsin tururuwa da ruwan tabki, a tace da tsumma. Ina jin kukansa ta katanga. Kwana biyun farko da ƙarfi. Daga nan ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Ni kuma ƙirjina ya cika ya yi tauri, har zazzaɓi ya kama ni. A shekarar da kowa ke neman abin sa wa a baki, ni ga abinci yana jiƙa mani zane. Kullum da hantsi sai in zagaya bayan ɗaki in durƙusa in tatse shi a ƙasa.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa gaya wa Malam ba har ya koma ga Allah. Rana ta uku da na zagaya, na tarar da tururuwa sun yi layi a inda na tatsa jiya. Na tatsa sabo, na tsaya ina kallo. Sunka kewaye shi baƙi ƙirin, suna sha. Na jira su mutu. Sunka sha sunka ƙoshi, sunka kama hanyarsu, wasu sunka zo. Ko ɗaya ba ta faɗi ba. Gobe haka, jibi haka.

Na gani da idona. Tsakanina da ɗakin Gwaggo taku goma ne. Na tashi na kakkaɓe gwiwa, na rufe wurin da ƙasa, na tafi tonon bado. Na ce a raina wace ce ni da zan ƙaryata abin da manya sunka gwada? Na ce wataƙila na ƙasa daban, na ludayi daban. Na ce in na mayar da shi ga nono ya mutu, mi zan ce wa Malam, ɗansa namiji na farko?

Zawo ya kama shi rana ta biyar. Fatar nan da dama a tattare take ta koma kamar busasshen ganye. Ran ashirin da ɗaya ga wata, da hantsi, Gwaggo ta aiko a kira ni. Ta ɗora mani shi a cinya. Ya buɗe ido ya dube ni, ya juya kai wajen ƙirjina, bakinsa na motsi. Na dubi Gwaggo, ta sunkuyar da kai. Ban kwance zane ba. Kafin azahar ya cika.

Likkafaninsa da ɗankwalina fari anka yi, ya ishe shi har da saura. Ƙasa ta yi tauri, sai da maza uku sunka karɓi juna kafin ɗan ramin ya samu.

Ruwa ya zo ranar sallah, ana sakkowa daga idi. Ruwa na gaske, mai iska, har zana na faɗuwa. Maza sunka tsaya cikinsa da rigunansu suna kabbara, yara na birgima a taɓo. Ni ina bakin ƙofa ina kallon yadda yake wanke bayan ɗakina. A shekarar gulbi ya hau fadama, munka tada tukunyar gumi.

Bayan shekara uku na haifi Bashir, autana. Kafin ya zo Gwaggo ta yi ta dafa mani sassaƙe, wai na wanke nono. Ya sha shekara biyu, ya yi ƙiba kamar ɗan maraƙi. Kowa ya ce magani ya yi. Ni ma na ce magani ya yi. Na riƙe wannan maganar da hannu biyu, don in na sake ta, ban san inda zan tsaya ba.

Gwaggo ta rasu, Malam ya bi ta. Bashir ya ɗauko ni ya kawo ni Birnin Kebbi. Yana noman rani wajen Ambursa da injin ban-ruwa, shinkafa sau biyu a shekara ko sama ta yi rowa, ya kai inji ya casa. Azumin yanzu da fanka ake yin shi in an kawo wuta, da ƙanƙara a kula, da ƙosai da kankana. Na ba shi Rabi, ɗiyar ƙanena, yarinya mai kunya da sanyin murya. Gwaggo take ce mani.

Da kakar bara ta haihu, namiji, anka sa masa sunan Malam. Tunda ba na faɗin sunan, Ango nake ce masa. Ranar da anka miƙo mani shi a asibiti, na buɗe tawul na ga hannun. Ban buƙaci ganin fuskar ba. Na rufe, na yi addu'a, na ce Allah ya raya. Mata na dariya suna cewa an ba tsohuwa miji daidai ita. Na taya su.

Hadiza ɗiyar babbar ɗiyata ce, tana aure a Gesse, aikinta duba jini da madubin likita. Ita ta tsaya kai da fata sai an bincika. Wani likitan yara ya ɗebi jinin Ango da na uwarsa da na ubansa, anka aika wata ƙasa mai nisa. Anka ce sai an jira. Wata ya bi wata shiru.

Sai ga azumin bana. Ran sha ɗaya ga wata Rabi na yi masa wanka, ya zame kaɗan ta cafke shi, ƙafa ta karye. Anka kai asibiti anka naɗe. Kwana biyu ban ci abin kirki ba ko da buɗa-baki. A rana ta uku, bayan la'asar, Bashir na gona, na shiga kicin na ɗauko ludayi. Na je gindin katanga na tsinto tururuwa na sa a kwalin ashana. Na shiga ɗakin Rabi.

Na ce, "Ɗiyata, wata bakwai yaron nan shina sha, fata ba ta cika ba. Tatso mu gani."

Ta dube ni, ta dubi ludayin. Ta san abin da ake yi da shi, ta ji a bakin uwarta. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "To, Gwaggo."

Da muryata ta faɗe shi. Na ji, amma ban janye hannu ba. Ta tatsa har ya kai rabi.

Sai sallamar Hadiza a tsakar gida, ta shigo da takarda a hannu tana fifita da ita. Ta tsaya bakin ƙofa tana kallonmu.

Ta ce, "Tsohuwa, mi kike ƙullawa? Ango bai isa shan fura ba kin fara dama masa?"

Na ce, "Ke dai 'yar nema, shigo ko ki fita, kin tare mani haske."

Ta ga kwalin ashana yana hannuna. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Kaka, ajiye tukuna. Sakamako ya zo, daga wajen likita nake. Ki saurare ni, in na gama ki yi abin da kika ga dama."

Na ce ina ji.

Ta ce, "Jikin mutum da ƙananan ɗakuna anka gina shi, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su. Ƙwayoyin halitta muke ce masu. Cikin kowace ƙwaya akwai wani wuri da ake kira Golgi."

Na ce, "Sunan aljani ne?"

"Sunan Baturen da ya fara ganin shi ne. In kin duba a madubi, kamar faya-fayai ne anka jera wani bisa wani. Abin da jiki ya haɗa yana shiga ta gefe ɗaya da ɗanyensa, ya bi faifai bayan faifai ana gyara shi, ana ƙara masa abin da ya rage, har ya kai ɗaya gefen. A nan za a ɗaure a aika. Wanga fata za shi, wanga ƙashi."

Na ce, "Gidan gumi ke nan."

Ta dube ni ta ce, "Wallahi shi ne. To, a jikin fatar faya-fayan nan akwai ma'aikata maƙale, furotin ake ce masu. Wasu na karɓar kaya, wasu na gyara, wasu na riƙe faya-fayan kada su watse. Akwai wani da mazauninsa ke can wajen ƙofar fita."

Na ce, "Na san mai zama nan."

"Shi ne bai ginu daidai ba a jikin Ango. Aiki bai tsaya ba, amma zaren da ke riƙe fata da ƙashi yana fitowa ba a gama murza shi ba. Shi ya sa fata ta saki, ƙashi ba ƙwari."

Rabi ta ce a hankali, "Wani abu na ci da cikinsa?"

"Ba ki ci komai ba, Anti Rabi. Gado ne. Kowa kashi biyu yake gada, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ya samu tawaya, ɗayan ya riƙe aikin, mutum bai ma sani ba. Ke kina da ɗaya, Kawu Bashir yana da ɗaya, tunda tushenku guda. Ango ne ya haɗa biyun. Tun yana ciki ana gina shi abin yake."

Na ce, "Tun bai san nono ba."

"Tun bai san nono ba."

"To nonon fa?"

Ta ce, "Kaka, nono ba ruwansa. Shi ne ma abin da ya fi buƙata. Tururuwar nan ko a ruwan randa kika jefa ta, in ta rasa abin kamawa nutsewa za ta yi."

Fanka na juyawa bisa kanmu. Na ce, "Irin yaran ga, suna rayuwa?"

Ta yi murmushi, ta ɗauka tsoron Ango ne ya sa na tambaya. Ta ce, "Suna rayuwa mana. Likita ya ce hankalinsu lafiya, suna karatu, suna girma har su yi aure. Ƙashin ne za a yi ta lallaɓawa, kuma in sun tasa karayar tana raguwa. Kwantar da hankalinki, mijinki ba inda za shi. Sai dai ki yi haƙuri da fuskar."

Ta yi dariya, Rabi ma ta yi, tana share ido. Ni ban yi ba. Hadiza ta san uwarta ta yi ƙane da ya rasu a goye, ba ta san fiye da haka ba. A nan, da ludayi a hannu ɗaya da kwalin ashana a ɗayan, na ba su labarin bayan ɗaki. Na gaya masu yadda tururuwa sunka sha sunka tafi da ƙafarsu. Na gaya masu taku goma ne. Na gaya masu ya juya kai wajen ƙirjina ban kwance zane ba.

Hadiza ta kama hannuna ta ce, "Ba ki sani ba, Kaka."

Na ce, "Golgin ne ban sani ba. Tururuwa na gan su."

Shekara talatin da wani abu ina roƙon Allah ya yafe mani nonon da ya ɓaci, ashe ba shi ne abin neman gafarar ba. Takardar Hadiza ta wanke nonona, ta bar ni da ƙafafuna da sunka ƙi yin taku goma. Umaru ya zo duniya da fuskar tsoho, bai samu ya yi ko haƙori ba. Da yanzu yana nan yana gardama da Bashir a kan taki, ana tsokanarsa ana cewa ya girmi uwarsa.

Ango ya farka ya fara ƙananan kuka. Rabi ta dube ni, tana jiran izini, hannunta a kan zane. Na ga har yanzu in na ce a'a za ta ce to.

Na ce, "Ba shi. Kuma ki ji ni da kyau, ɗiyata. Ran da na sake zo maki da irin wagga magana, ko ni ko wata, ki ce a'a, Gwaggo. Faɗi in ji."

Ta sunkuyar da kai. Na ce, "Faɗi."

Ta ce, "A'a, Gwaggo," da ƙyar ake ji.

Na ce, "Madalla."

Na fita na buɗe kwalin a gindin katanga, tururuwar ta fito ta yi jim, ta bi layin 'yan uwanta. Na dawo da ludayin. Hadiza ta miƙo hannu za ta karɓa ta zubar a magudana, na hana ta. Na ce ba a ƙara zubar da nono a ƙasa ina raye. Na jira ya saki na uwarsa, na tallafi kansa a hankali saboda ƙafar, na ɗiga masa na ludayin kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Ya dube ni da idon nan, ya tattare fuska ya yi dariya, ya koma ya kama.

Anka kira sallah a masallacin unguwa. Hadiza ta sa mani dabino a hannu ta tafi ɗauko ƙanƙara. Ban kai shi baki ba. Na zauna a ƙofar ɗakin, daidai inda ake jin haɗiyarsa, ƙut, ƙut, ƙut, ina saurare har liman ya tada sallah.